Haƙƙin hanya: wajibin da muke mantawa a bakin ƙofar masallaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa mana ƙasa, ya hore mana abin hawa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ina so ka tuna yadda ka fito daga masallaci ranar Juma'ar da ta wuce. A cikin sahu ka matsa wa wani bawan Allah da ba ka sani ba har ya samu wurin tsayuwa, kafaɗarka tana gugar tasa. Da liman ya sallame, ka miƙa masa hannu kuka gaisa. Bayan minti biyar kana bisa moto ko cikin mota, shi kuwa yana bakin titi riƙe da hannun ɗansa, yana neman tsallakawa. Shin ka rage gudu ka ba shi hanya? Ko oda ka danna masa, ka bi ta gabansa, ka bar shi da ƙura?

Maganar da nake son mu yi yau ke nan. Zirga-zirga cikin gari babi ce daga babukan mu'amala, kamar ciniki da aure da maƙwabtaka, tana da halal tana da haram, kuma za a tambaye mu a kanta. Kiyaye dokar hanya wajibi ne na addini. Wanda ya take ta da gangan har rai ya salwanta, faɗin “ƙaddara ce” ba ya sauke masa nauyin da ya hau wuyansa.

Zan ɗauki misali da Yamai, domin da wuya a samu gida a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ba shi da wani a can, ɗalibi ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko mai jinya. A ƙidayar shekarar 2012 mutanen Yamai sun ɗan haura miliyan 1, kuma tun daga lokacin garin sai faɗi yake ƙarawa. Kogi ya raba shi biyu. Shekara 40 gada guda ce ke haɗa ɓangarorin, wato gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Ta biyu ta zo a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. An gina gadojin sama a Mali Bero da shatale-talen Shahidai da kuma na Diori Hamani. Duk da haka, wanda ya bi ta Katako ko Wadata ko kewayen Babbar Kasuwa lokacin tashi daga aiki ya san halin da ake ciki. Taksi mai jan kai yana tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu, faba-faba tana lodi a bakin kwalta, mai moto yana kutsawa ta kowace kafa, ga amalanken jaki da kaya har sama, ga mai turin ruwa, ga yaro bisa keke zai tafi makaranta, ga tsohuwa da sanda. Dukansu titi ɗaya suke rabawa. A Maraɗi da Damagaram kabu-kabu da adaidaita sahu ne suka fi yawa, amma lamarin bai sake zani ba.

Ka lura da wani abu a cikin wannan jerin. Ƙarfin mutanen ba ɗaya ba ne. Mai mota yana cikin ƙarfe, mai moto fatarsa ce rigar ƙarfensa, mai tafiya da ƙafa kuwa ba shi da komai sai addu'a. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, cewa fiye da rabinsu masu tafiya da ƙafa ne da masu keke da masu moto, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Mu ba ma buƙatar rahoto kafin mu yarda. Jana'iza nawa ka halarta wadda aka ce maka “moto ce” ko “mota ce ta buge shi”?

Wani zai ce fitilar ja da kore da farin zanen tsallaka titi abubuwa ne na Nasara, babu su a Risala, babu su a Ishmawi. Gaskiya ne babu fitila a cikinsu, amma hukuncin yana nan. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ya kawo a babin hukunce-hukuncen jini na Risala cewa mai kora dabba da mai janta da wanda ke bisa kanta, kowannensu yana lamuncewar abin da dabbar ta taka. Ka duba da kyau. Doki yana da rai, yana da nasa hali, yana iya firgita ya yi tutsu, amma duk da haka malamanmu suka ɗora wa mahayinsa alhakin abin da ya taka. To ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai ka murza, ba ya gudu sai ka taka, ba ya karkata sai ka juya shi?

Malaman zamani ma sun zauna a kan mas'alar. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi, wadda Nijar take cikinta, ta yi taro a Brunei a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin ɗa'a ga shugabanni a abin da suka tsara don maslahar jama'a, kuma wanda ya jawo ɓarna ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka zai lamunce. Tsare rai yana daga manyan manufofin shari'a guda 5, kuma ƙa'ida ce sananniya wajen malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan rayukan mutane a mahaɗar hanya ba sa tsira sai kowa ya tsaya lokacin da wuta ta yi ja, to tsayawar ta zama wajibi, ko da ɗan sanda a wurin ko babu.

Nan ne gwajin yake. Da yawanmu muna tsayawa idan mun hango mai kaki, muna wucewa idan ba mu gan shi ba. Wanda yake haka, tara yake tsoro. Kai da ka yi azumin wata guda cikin zafin Nijar, kana kaɗai a ɗaki da randar ruwan sanyi, ba ka kurɓa ba don ka san ana ganinka, yaya za a ce wannan sanin ya ɓace maka a gaban fitila da ƙarfe 11 na dare?

Sai maganar ƙaddara. Mun yi imani babu ran da zai fita sai da izinin Allah, a lokacin da aka rubuta masa. Wannan kalma ce ta haƙuri ga wanda aka yi wa rashi, kuma tana da daɗi a bakinsa. Amma a bakin wanda ya yi gudun wuce sa'a cikin unguwa, ko ya fito da mota ya san birkinta ba ya kamawa, ko ya tuƙa yana duba waya, kalmar ta zama mafaka ta ƙarya. Allah da ya ƙaddara ajali, shi ne kuma ya saukar da hukuncin kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata 2 a jere. Da ƙaddara tana wanke mai kuskure, da ba a ɗora masa komai ba. Diyyar da littattafanmu suka ambata raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, dangin mai laifin su taru su biya. Wannan shi ne nauyin ran da muke wasa da shi don mu riga wata mota shiga gada.

A garuruwanmu iyalan mamaci sukan ce sun yafe, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai a sani, yafewarsu diyya take saukewa. Kaffara haƙƙin Allah ce, tana nan a wuyan wanda ya yi sanadi. Direbobi nawa ne suka buge mutum ya mutu, aka yi sulhu a zaure, aka yi fatiha aka watse, ba wanda ya gaya musu akwai azumin wata 2 a kansu? Duk wanda wannan ya shafa, ya je wurin malami masani ya faɗa masa yadda abin ya faru filla-filla, domin hukuncin yana bambanta tsakanin wanda ya yi sakaci da wanda abin ya fi ƙarfinsa.

Kai mai tuƙi, ga wani lissafi da ba ya buƙatar malami. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan ka sunkuyar da kai ka duba saƙo na daƙiƙa 3, ka yi tafiyar mita 50 ido rufe. A cikin mita 50 na titin Bukoki ko Talaje, yara nawa ne za su iya fitowa daga lungu? Kuma idan ka ninka gudunka sau 2, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau 4. Wannan sunnar Allah ce a cikin halittarsa, ba ta sassauta wa kowa don yana da laya a aljihu ko sitika mai sunan Allah a gilashi. Addu'ar hawa abin hawa da muka koya daga Suratuz Zukhrufi godiya ce da tuna makoma. Wanda ya karanta ta sannan ya bi hannun da ba nasa ba, bakinsa ya yi godiya, hannunsa ya yi butulci. Haka mai moto da ya rataye hular kwano a madubi yana cewa ya dogara ga Allah. Mun san labarin balaraben da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da taguwarsa, aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Kai uba, yaron da bai kai shekarun tuƙi ba, da ka miƙa wa makullin moto don ya kai ƙannensa uku makaranta, amana ce ka ɗora bisa abin da ba zai iya riƙewa ba. Kai mai motar haya da ka yanka wa direba kuɗin da ba zai iya kawowa ba sai ya yi gudu ya yi lodi fiye da ƙima, kana da kaso a cikin abin da zai faru ko kana kwance a gida. Wanda kuma ya sayi takardar izinin tuƙi da kuɗi bai koyi tuƙin ba, da wanda ya sayar masa, sun haɗu a kan shaidar zur, kuma jinin mutane ne farashinta.

Fasinja ma yana da nasa. Sau da yawa mu ne muke cewa direba “taka mana, mun makara”. In ya yi ganganci muna shiru, in ya tsaya a jar wuta muna tsaki. Ku daidaita kuɗin mota kafin a tashi, domin ijara ce, kuma ijara tana son a san lada tun farko. In direba ya manta ya ba ka canjin da ya wuce naka, ko dala 10 ce, mayar masa. Shi ma direba kada ya ga baƙo ya sauka a tasha da jakarsa, bai san gari ba, bai iya Zabarmanci ba, ya ninka masa kuɗi. A cikin faba-faba, inda jiki ke matse da jiki, a runtse ido, a kame hannu, a bar wa tsoho da mai ciki wurin da ya fi sauƙi. Mai tafiya da ƙafa kuma ya duba kafin ya tsallaka, ya nemi wurin da aka tanada in akwai, kada ya jefa kansa gaban mota ya jefa direba cikin kaffara.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu mutanen masallaci, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wata Juma'a a Yamai na makara, na samu wuri a sahun waje, kan kwalta. Liman yana cikin huɗuba sai muka ji jiniyar motar asibiti daga bayanmu. Titin an toshe shi da motoci layi biyu da motoci masu ƙafa biyu birjik, masu su duk suna cikin sahu. Motar ta yi ta kuka, babu inda za ta bi, daga baya ta ja da baya ta nemi wata hanya. Ban san wanda ke ciki ba, ban san ko ya kai ba. Abin da na sani shi ne, ni ma abin hawana yana cikin waɗanda suka tare hanyar, kuma sallar da na yi ranar, zuciyata ba ta natsu a cikinta ba.

A cikin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Anas, sahabbai sun taɓa cunkushe masauki suka tare hanya a wani yaƙi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika mai shela ya sanar cewa wanda ya yi haka ba shi da ladan jihadinsa. Idan tare hanya yana iya cinye ladan mai jihadi, me ya ba mu tabbacin ba zai taɓa ladan Juma'armu ba? Kuma a hadisin Abu Sa'idil Khudri da Bukhari da Muslim suka kawo, an hana sahabbai zama a kan hanyoyi, da suka nuna ba su da makawa sai aka sharɗanta musu su ba hanya haƙƙinta, aka lissafa runtse ido da kame cuta da amsa sallama da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Kawar da abin cutarwa daga hanya kuwa, hadisi ya ƙirga shi cikin rassan imani. To mu da muke kafa rumfar suna da ta ɗaurin aure da ta zaman makoki a tsakiyar titi kwana da kwanaki, muna kwararo ruwan wanki a lungu, muna jibge yashi da bulo a hanyar mutane wata da watanni, a wane reshe muke?

Gyaran ba shi da wuya. Kwamitin kowane masallacin Juma'a ya ware matasa su tsara wurin ajiye ababen hawa, a bar layi guda a buɗe ko da sahu ya fito waje. Wanda gidansa ke kusa ya tako da ƙafa, ladansa ya fi, ya kuma rage cunkoso. Mai biki ya nemi fili ko ya bar gefe guda na hanya. Masu rakiyar amarya su sani gudu da wasa da moto a cikin gari ba murna ba ce, gidaje da yawa sun kai amarya da yamma sun kai gawa da safe.

Akwai kuma gaggawar da muke yi da sunan ibada. Ka dubi titunanmu minti 20 kafin shan ruwa a watan azumi, ko lokacin da aka tada iƙama. Sunna ta koyar da a zo wa salla da natsuwa, abin da aka samu a sallata, abin da ya kuɓuce a cika. Ranar saukowa daga Arfa ma, da Annabi ya ji ana dukan raƙuma ana tsananta musu, ya yi wa mutane nuni da su natsu, ya sanar da su cewa gaggawar ba ita ce aikin alheri ba. Dabino uku da ruwa a cikin mota sun ishe ka buɗa baki a gefen hanya. Raka'ar da ta wuce ka tana da ramuwa, ƙafar yaron da ka karya kana neman ta kuwa wataƙila har abada ba za ta koma daidai ba.

Game da salla a cikin cunkoso, a kiyaye abu biyu. Tafiya daga unguwar filin jirgi zuwa Harobanda, komai daɗewarta, ba ita ce tafiyar ƙasaru ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙasaru sai tafiyar mil 48, wato wajen kilomita 80, kuma ba a fara shi sai an fita daga gine-ginen gari. Farilla kuma ba a yin ta zaune cikin mota alhali ana iya sauka. Maganin shi ne shiri: ka fito da alwala, ka san lokacin magariba gajere ne, in ka ga rana ta yi ƙasa ka yi salla kafin ka hau gada, ko ka sauka a masallacin da ke kan hanya, ga su nan a kowace kusurwa. Direban haya ya sanar da fasinjansa tun kafin su shiga cewa zai tsaya salla, kuma ya ajiye motar inda ba za ta tare kowa ba.

Na san abin da wasu za su ce: tituna sun yi kaɗan, wurin tafiyar masu ƙafa ƴan tireda sun cinye shi, motocin bas ba su wadata ba, damina tana fasa kwalta, kuma talauci ne ke sa mutum huɗu hawa moto guda. Duk wannan gaskiya ne, kuma hukuma tana da nata nauyin a gaban Allah: ta gyara hanya, ta kunna fitilu, ta wadata jama'a da abin hawa mai sauƙin kuɗi, ta hukunta mai laifi ba tare da duban fuskarsa ko aljihunsa ba. Mu riƙa faɗa musu ta hanyar da ta dace, domin nasiha ce. Amma ramin da ke kan titi dalili ne na ka ƙara rage gudu. Talauci yana iya hana ka sayen mota, ba ya tilasta maka ƙetare jar wuta. Ranar hisabi kowa da littafinsa zai zo, ba za a karɓi laifin magajin gari a matsayin uzurinka ba.

Ya ɗan'uwa, gobe da safe in ka ɗora hannu bisa kan moto ko sitiyari, ka ƙulla niyya kamar yadda kake ƙullawa kafin kabbara: ba zan cuci kowa ba tsakanin nan da inda za ni. Ka fito da wuri don kada gaggawa ta hau ka. In ka ga tsohuwa a bakin titi ka tsaya mata, ko na bayanka suna oda. In wani ya shiga gabanka ka haɗiye zagin, wataƙila mara lafiya yake kaiwa. Wannan duka sadaka ce da ba ta cin ko dala.

Allah ya tsare mu da tsarewarsa, ya kai mu gidajenmu lafiya, kada ya sa ran wani ko jininsa a wuyanmu. Waɗanda suka rasu a kan hanya Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri, masu jinya ya ba su lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni, Allah shi ne mafi sani. Wanda ya karanta ya tura wa direba ko ɗan kabu-kabu ko da guda ne a cikin danginsa.